Ashe Da Dala Nake Kishi

'Yan uwana mata, musamman ku 'yan mata da kuke yawan aiko min da saƙo kuna tambayar wai yaushe zan sake rubuta littafi mai jarumi ɗan canji. To yau ba ƙagaggen labari na zo muku da shi ba, na cikin ɗakina ne, kuma sai da na nemi izinin maigidan kafin na ɗauki biro. Ya yi shiru na wani lokaci yana kallon ƙasa, sannan ya ce in rubuta, amma kada in rage komai da sunan rufa masa asiri.

Waɗanda suka karanta littafina na biyu za su tuna jarumin ciki: dogo, farar shadda kullum kamar ba a ƙurar Kano yake yawo ba, agogo mai tsada, ƙamshin turarensa na riga shi shiga zaure, ga jaka cike da daloli. Ba ya gumi, ba ya ciwon kai, abu ɗaya ne ke hana shi barci a duniya, wato tunanin jarumar. Shekarata 19 lokacin da na rubuta shi, ban daɗe da gama sakandare ba, kuma wallahi ko hanyar Wapa ban taɓa bi ba. Sai ga shi a 2022 Allah cikin ikonsa ya aura min ɗan canji na gaske, ɗan yayar mahaifiyata, wanda tun ina ƙarama nake kiransa Yaya, har yau kuma bakina bai iya wani suna ba. Shi kuwa in yana jin tsokana Marubuciya yake ce min.

Bari in ɗan yi muku bayanin sana'ar yadda ya koya min, don in ba ku gane ta ba, ba za ku gane abin da ya same mu ba. Wapa tana Fagge, nan ne matattarar 'yan canji a Kano, inda ake hada-hadar dala da fam da yuro da riyal da sefa. Yaya ya yi shekara 9 yana yaron shago a hannun wani dattijon Alhaji kafin a sallame shi ya tsaya da ƙafarsa. Asalin cin abincin ɗan canji a ɗan tsakanin nan yake: ya sayi dala a wajen wanda ya dawo daga tafiya, ya ɗora naira biyar ko goma, ya sayar wa wanda zai biya kuɗin kaya ko kuɗin makarantar ɗansa a waje. Ribar kaɗan ce, yawan juyawa ne ke tara ta. Ubangidansa kuwa yana da wata magana da duk yaransa suka haddace, cewa dala baƙuwa ce, ba ta kwana a gidan talaka. Wato abin da ka saya da safe, ka rabu da shi kafin magariba.

Shekararmu ta farko lafiya lau. Yana dawowa bayan magariba, ya ci tuwo, ya sa in karanta masa abin da na rubuta ranar, yana yi min dariya yana cewa ni masoyana ba sa zuwa kasuwa ne, kullum suna zance?

A watan Yuni na 2023 ne Babban Bankin Najeriya ya saki naira kasuwa ta yi mata farashi. Dalar da ke wajen naira 460 a hukumance, cikin 'yan kwanaki ta haura 700, daga nan kuma ba ta waiwayo ba. A kasuwar bayan fage ta wuce 1,000 kafin shekara ta ƙare, zuwa watan Fabrairu na 2024 har ta taɓa wajen 1,900. A irin wannan lokaci duk wanda ya bar dala ta kwana a hannunsa, da safe sai ya tashi ya fi jiya kuɗi ba tare da ya ɗaga ko tsinke ba. Yaya yana gani yaran da suka zo kasuwa a bayansa suna sayen motoci, shi yana nan yana tsintar naira biyar-biyar. Sai ya fara barin baƙuwa tana kwana. Da fari kwana ɗaya, sannan mako, sannan wata.

A nan dole in faɗi laifina. Da kuɗi suka fara shigowa ban taɓa tambayar daga ina ba. Ya canja min kujeru, ya sayo min sarƙa da 'yan kunne, ni kuwa sai baza haƙora nake ina cewa ai ga jarumin littafina ya fito fili. Mu mata mun iya bincike in abu ya ragu, amma in ya ƙaru sai mu ce Allah ne ya buɗa, mu ja bakinmu mu yi shiru.

Azumin 2024 ya kama ranar 11 ga Maris, kuma tun kafin a kai azumi na biyar na san ba mijina ne a gidan ba. Mutumin da ke cinye ƙosai goma a buɗa baki, sai ya kurɓi kunu sau biyu ya ture kofi. In na yi magana sai in maimaita sau uku kafin ya ce "Na'am?" Abu kaɗan ya hau faɗa. Ran nan don kawai cokali ya faɗi ya yi ƙara, ya daka min tsawar da ban taɓa ji daga bakinsa ba, har na shige ɗaki na yi kukana. Waya kuwa ta zama kamar an ɗinke masa ita a tafin hannu, da ita yake shiga banɗaki, a ƙarƙashin filo take kwana, in na matso sai ya kife ta.

Ke 'yar uwa, in ke ce me za ki kawo a ranki?

Wani dare na farka wajen ƙarfe biyu na shafa gefena ba kowa. Na tashi a hankali na bi bango har bakin zaure, sai na jiyo muryarsa ƙasa-ƙasa yana cewa, "Dan Allah a ƙara min haƙuri zuwa bayan Sallah." Ya kashe, ya sake kiran wani, na ji ya ce, "Yaya ta kwana? Ta ƙara sauka?" Aka yi masa wata magana a can, sai ya ce da ƙarfi har yana mance dare ne, "Wallahi ba zan sake ta ba! Na san halinta, za ta dawo. Ko me za a yi ina riƙe da ita."

Gabana ya yanke ya faɗi. Na koma gado ƙafafuna na rawa, na ja zane na rufe har kaina, hawaye na bin kunnuwana. Ni marubuciya ce, kafin a kira assalatu na gama tsara littafin gaba ɗaya a kaina: bazawara ce, fara ce, sun taɓa soyayya ta guje shi, yanzu ta dawo, iyayenta na matsa masa ya fito, shi kuma yana roƙon a bari sai bayan Sallah. Har kalar atamfar da zan sa ranar ɗaurin auren don kada a ga na damu sai da na zaɓa.

Da gari ya waye na ce masa zan je gaida Gwaggo, ko ɗago kai bai yi ba ya ce a dawo lafiya. Gwaggo ƙanwar babana ce, ta yi aure uku, ta zauna da kishiyoyi biyar, don haka in ana maganar maza ita ce malamar. Na zayyana mata komai ina sheshsheƙa. Ta bari na gama tsaf, sannan ta ce, "Ke 'yar nan, yaushe rabonsa da aski?"

Na ce ya fi wata.

"Ya ɗinka sababbin kaya? Ya canja turare? Yana tsayawa gaban madubi?"

Na ce a'a Gwaggo, jiya ma rigar shekaranjiya ya maimaita.

Ta ce, "To share hawayenki, ki nemo wasu na daban. Namijin da ke neman aure ƙyalli yake yi kamar an wanke tangaran, yana ta fara'ar da ba a tambaye shi ba, har alherin da bai saba ba sai ya yi miki don kunya. Wanda ya bar gemu ya cukurkuɗe, ya daina cin abinci, ba mace ce ta kama shi ba. Ko bashi ne, ko ciwo. Tashi ki koma ɗakinki, kuma kada ki tare shi da rana yana da azumi a baki."

Kwana uku ina neman hanya ban samu ba. Daren azumi na ashirin na fito ɗora sahur, sai na same shi zaune a ƙasan kicin cikin duhu, ya jingina da buhun shinkafa, kalkuleta a cinyarsa, ya dafe kansa da hannu biyu. Na kunna fitila na ga idanunsa sun kaɗa sun yi jawur. Duk kalaman da na shirya suka gudu. Na durƙusa a gabansa na ce, "Yaya, don girman Allah wace ce ita? In aure ne ka faɗa min, ba zan hana ka ba, amma kada ka kashe kanka ka kashe ni."

Ya ɗago ya dube ni kamar bai gane Hausar ba. Da na maimaita masa abin da na ji a zaure, sai ya yi wata irin dariya wadda ba daɗi a cikinta, dariyar ta juye ta zama kuka. Ban taɓa ganin hawayensa ba, ko ranar da mahaifinsa ya rasu a ɓoye ya yi. Ya ce, "Marubuciya, dala ce. Da dala kike kishi."

A nan ƙasan kicin ya buɗe min komai. A ƙarshen Fabrairu, lokacin da kowa a kasuwa ke rantsuwa sai ta wuce 2,000, ya sayi dala 15,000 a kan naira 1,800, miliyan 27 ke nan. A ciki akwai miliyan 4 na Hajiya mahaifiyarsa, kuɗin da take tarawa na zuwa Makka ta ba shi ajiya. Sai dala ta juyo. Babban Banki ya ƙara kuɗin ruwa, ya soke lasisin kamfanonin canji 4,173 a farkon Maris, ya kuma koma sayar wa sauran dala da kansa a farashi mai sauƙi, har ya ba su a kan 1,251 a ƙarshen watan. Da ta sauko 1,600, maimakon Yaya ya tsorata, sai ya ce ai araha ce ta samu, ya ɗauki miliyan 8 da wani ɗan kasuwar Kantin Kwari ya ba shi ajiya ya ƙara sayen dala 5,000, wai in ta tashi ya mayar da asarar farko da sauri. Mutumin yana Caina sarin kaya, a birnin Gwanzu, kuma da yake sun riga mu da awa 7, ƙarfe biyun darenmu shi ne tara na safiyarsu. Shi ne mai kiran dare yana cewa a ba yaronsa kuɗin. A daren da muke maganar dala tana wajen 1,300. Ya zuba miliyan 35, abin da ke hannunsa bai fi 26 ba, kuma kullum garin Allah ya waye sai an yanki wani abu.

Wata guda yana ɗauke da wannan shi kaɗai. Bai faɗa wa Hajiya ba, bai faɗa wa ubangidansa ba, har hanya yake canjawa a kasuwa don kada su haɗu. Da ya ce min, "Wani lokacin sai in ji da ma in kwanta kada in tashi," sai na ji kishin nan da na kwana uku ina goyo ya zame min abin kunya. Wannan maganar ba ta wasa ba ce, duk wadda ta ji ta a bakin nata kada ta ce ai faɗa kawai yake yi. Ban bar shi shi kaɗai ba ranar, kuma gari na wayewa na kira ƙaninsa muka kai shi asibiti, yana ta cewa shi lafiyarsa ƙalau, ciwon kai ne kawai.

Da aka auna jininsa 160 bisa 100 aka samu, ga mutum ɗan shekara 33, alhali na mai lafiya wajen 120 bisa 80 yake. Likitan, Allah Ya saka masa, bai tsaya a rubuta magani ba. Ya tambaye shi awa nawa yake barci, ya ce biyu zuwa uku. Sau nawa yake duba farashi a rana? Yaya ya ce bai san adadi ba. Me yake sha bayan buɗa baki? Shayi mai kauri kofi huɗu, da lemon gwangwanin nan mai hana barci. Likita ya ajiye biro ya ce masa jikin ɗan Adam bai san bambancin kura da lambar da ke kan waya ba. In ka tsorata, zuciya za ta ƙara gudu, jini ya hau, ciki ya daina karɓar abinci, barci ya gudu, duk don ka samu ka tsere. Wanda ya haɗu da kura sau ɗaya zai tsere ya huta, shi kuwa sau ɗari yake leƙa tasa kurar a rana, har cikin gado yake kwana da ita. Ya ce babban mutum na buƙatar barcin awa 7, kuma wanda bai yi barci ba lissafinsa ma ba abin yarda ba ne.

Kun san ni ban yi karatu mai zurfi ba, amma rubutun littafi ya koya min bin diddigi. Daren nan da maganin ya sa shi barci, ni na zauna da tawa wayar ina neman ko akwai masu irin ciwon mijina a duniya. Ashe suna da yawa, har da masu cinikin da in aka kwatanta da nasu, duk Wapa ɗan tiren mai goro ce, don a lissafin 2022 kasuwar canjin kuɗi ta duniya tana juya dala tiriliyan 7.5 a kowace rana.

Na karanta labarin wani bincike da aka fitar a 2008 daga Jami'ar Kambirij ta Ingila. Wanda ya jagorance shi, John Coates, shi ma tsohon ɗan irin wannan kasuwa ne a Amurka kafin ya koma bincike. Sun bi wasu maza 17 masu cinikin kasuwar kuɗi a Landan na kwana 8, suna ɗibar yawunsu sau biyu a rana suna auna wani sinadari da jiki ke fitarwa in hankali ya tashi, ana ce masa kotizol. Abin da ya ba ni mamaki, ba asarar kanta ce ta fi tayar da sinadarin ba, rashin tabbas ne, wato lokacin da kasuwa ke tangal-tangal mutum bai san inda za ta faɗi ba. Na ajiye wayar na dubi Yaya yana barci baki buɗe, na ce lallai, ba miliyan 9 ɗin ne kaɗai ke cinsa ba, jiran gobe ne. Haka kuma wasu masana biyu, Daniel Kahneman da Amos Tversky, sun nuna cewa zafin rasa abu a zuciyar mutum ya kai kusan ninki biyu na daɗin samun irinsa. Shi ya sa mai asara ba ya son sayarwa, don muddin bai sayar ba yana iya yaudarar kansa cewa bai faɗi ba tukuna.

Amma wanda ya hana ni barci shi ne labarin Nick Leeson, wani saurayi Bature da ke yi wa bankin Barings na Ingila ciniki a Singafo. Asara ta fara samunsa, maimakon ya faɗa sai ya ɓoye ta a wani asusu mai lamba 88888, ya ci gaba da ƙara zubi don ya mayar. A Janairun 1995 girgizar ƙasa ta afka wa birnin Kobe na Japan, kasuwar da ya dogara da ita ta rufta, ya sake ninka zubi. Kafin ƙarshen Fabrairu asarar ta kai fam miliyan 827. Bankin da aka kafa tun 1762 ya durƙushe, aka sayar da shi a kan fam ɗaya tak. Shi kuma ya gudu, aka kama shi a Jamus yana ɗan shekara 28, aka yanke masa ɗaurin shekara shida da rabi a Singafo, aurensa ya mutu yana kurkuku. Da na kai nan sai jikina ya yi sanyi, don hanyar ɗaya ce sak da ta Yaya: a faɗi, a ɓoye, a ƙara da kuɗin mutane. Girman ramin ne kawai ya bambanta.

Da safe na ba shi labarin, na ce, "Yaya, ni ba zan iya gaya maka ka sayar ko ka riƙe ba, ban san kasuwa ba. Amma ka je wajen Alhaji yau." Ya ce da wane ido zai kalle shi? Na ce da wanda zai kalle shi da shi in labarin ya riga shi isa.

Ya je bayan la'asar. Yadda ya ba ni labari, dattijon bai yi masa faɗa ba, carbinsa kawai yake ja har ya gama. Sannan ya ce, "Ɗana, nawa ne naka a ciki, nawa ne na mutane?" Ya faɗa. Ya ce, "Ranar da ka saya, a wane farashi ka yi niyyar fita in ta juya maka baya?" Yaya ya ce bai sa ba, don bai taɓa kawo za ta juya ba. Alhaji ya ce, "To ba ciniki ka yi ba, caca ka yi da rigar 'yan kasuwa. Mai shiga rijiya tun yana sama yake ɗaura igiya. Ni ban san inda dala za ta ba, wanda duk ya ce maka ya sani ƙarya yake. Abin da na sani, yau kana iya biyan mutane har ka yi saura. Je ka biya su."

A makon farko na Afrilu ya sayar da duka a kan 1,250. Miliyan 25 ta dawo daga 35. Ya ba yaron mutumin Kwari miliyan 8 cif, ya ɗauki miliyan 4 ya kai wa Hajiya har ɗaki, ya durƙusa ya faɗa mata abin da ya yi da amanarta. Wannan ya fi masa sayarwar wuya, sai da ya yi sallama sau biyu a ƙofar gidan yana komawa. Hajiya ta yi masa wankin babban bargo, ta ce ba asarar ce ta ƙona mata rai ba, a ce ɗan da ta haifa ya yi wata guda yana zuwa gaishe ta yana murmushin ƙarya. Daga baya ta sa masa albarka, amma kuɗin dai ba ta sake ba shi ajiya ba, kuma ni ban ga laifinta ba.

Jarinsa na miliyan 23 ya koma 13. Aka sayar da mota aka koma babur. Sallar da aka yi ranar 10 ga Afrilu atamfar cikin lefena na ɗinka. Amma daren da ya sayar ɗin nan, Yaya ya yi barcin da sai da na yayyafa masa ruwa kafin ya tashi sahur, ya kuma cinye tuwo malmala biyu. Mutum ya tabbatar da asarar miliyan 10 amma ya fi lokacin da yake da begen mayarwa kwanciyar hankali! Da a littafi na rubuta haka, da kun ce na cika ƙari.

Kafin ya kwanta a daren na ɗauko sabon littafin rubutu cikin waɗanda nake tsara labari, na ce ya rubuta da hannunsa dalilin da ya sa ya sayar, da yadda yake ji, ya sa kwanan wata. Ya ce wannan kuma wane sabon salo ne? Na ce mu marubuta mun san zuciya maƙaryaciya ce, gobe za ta ba ka labarin jiya ba yadda ya faru ba.

Ashe kuwa littafin zai yi rana. Bayan Sallah dala ta ƙara sauka har wajen 1,100, Yaya yana ta hamdala. Sai kuma a watan Mayu ta juya ta koma wajen 1,500. Ran nan ya shigo ko sallamar kirki babu, ya zauna bakin gado da takalmi a ƙafa, ya ce, "Da na riƙe ta wata ɗaya kacal, da miliyan 5 ta dawo." Na ga idon nan na azumi yana neman dawowa. Ban ce komai ba, na miƙa masa littafin. Ya karanta abin da ya rubuta: cewa kwana 30 bai yi barcin kirki ba, cewa kuɗin Makkan mahaifiyarsa ne, cewa in ta kai 1,000 ba zai iya kallon kowa ba. Ya daɗe yana kallon shafin, sannan ya ce, "Wanda ya rubuta wannan ba zai kai watan Mayu ba ai." Ya cire takalmi ya ce in kawo abinci.

A littafin nan ne dokokinsa suke yanzu, shi ya rubuta abinsa ba ni ba. Kuɗin ajiya ba ya shiga ciniki ko da na awa ɗaya ne. In zai bar wani abu ya kwana, ba ya wuce ɗan kason da in ya ƙone gaba ɗaya ba za mu rasa abinci ba, kuma kafin ya saya sai ya rubuta farashin da zai fita, in ta kai nan ya fita ba shawara da zuciya. Ya fice daga guruf-guruf na WhatsApp guda shida da ake kwana ana yaɗa jita-jitar farashi, ya bar ɗaya. Ya rage shayi, ya bar lemon gwangwanin nan, bayan asuba yana taka ƙafa na rabin awa kafin ya karya, yana kuma shan maganinsa yana komawa awo. Duk daren Juma'a yana buɗe min lissafin mako, riba ko faɗuwa. Ba wai na iya lissafin ba ne, sau da yawa kai kawai nake gyaɗawa, amma abin da za ka faɗa wa wani ranar Alhamis da dare, tun ranar Litinin kake jin nauyin aikata shi.

Af, kafin in manta, ku 'yan mata masu samarin da ke zuwa zance suna nuna muku jan layi da koren layi a waya, wai suna cinikin kuɗin ƙasashen waje ta intanet, har suna cewa ku kawo kuɗin adashenku a juya muku. A 2018 hukumar da ke sa ido kan kasuwannin kuɗi ta Tarayyar Turai ta bayyana cewa kashi 74 zuwa 89 cikin 100 na ƙananan masu irin wannan ciniki asara suke yi. Ban ce ku kore shi ba, amma ki tambaye shi ranar da ya faɗi nawa ya rasa, kuma wa ya faɗa wa. In ya ce shi bai taɓa faɗuwa ba, ki riƙe jakarki da kyau.

Dokar da ta fi ba mu wahala ita ce ta waya. Mun yi yarjejeniya daga sallar isha'i zuwa asuba wayar kasuwa ba ta kwana a ɗaki. Da fari a falo yake barinta, sai na lura yana yawan tashi shan ruwa. Na mayar da ita kicin, sai ya zama mai jin motsin ɓera. Daga ƙarshe na ɗauko babbar kwallar da Gwaggo ta ba ni cikin kayan ɗaki, mai murfin nan da ko kyanwa ta taɓa sai unguwa ta ji, na sa wayar a ciki na ɗora a saman sif.

An yi wata uku lafiya. Sai wani dare cikin barci na ji ƙwarrr! Murfi ya faɗi yana ta juyi a kan siminti. Na kunna fitila, ga Yaya tsaye a kan kujera da gajeren wando, hannu ɗaya cikin kwalla.

Na ce, "Yaya, lafiya?"

Ya ce, "Lokaci na zo dubawa."

Na ɗaga kai na dubi agogon bangon da ke daidai saitin kansa, na ce, "Biyu saura kwata. Ita ma amaryar taka ta yi barci."

Ya tsaya jim, ya zare hannunsa ba komai a ciki, ya sauko ya ɗauki murfin ya rufe kwallar a hankali, ya ce in matsa masa.